Hukuma da Gumin Talaka a Ƙasar Kazaure

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Dambatta ta nufi Daura, idan ya yi tafiyar kimanin mil hamsin, sai ya ga ƙasa ta sake kama, shimfiɗaɗɗen filin nan da idonsa ya saba da shi ya fara tattaruwa yana zama tuddai da duwatsu, da kwaruruka a tsakaninsu inda ruwa ke kwanciya. To, ya shigo ƙasar Kazaure ke nan. Ta yamma da shi Roni ce da Gwiwa, sun jingina da ƙasar Katsina, ta gabas kuwa Babura ce, wadda a da take cikin ƙasar Kano, iyakar Nijar kuma tana bayan ɗakinta. Ruwan sama a wannan yanki galibi ba ya wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas ɗin rani ne, da hunturunsa da bazararsa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi na huɗu da takwas, domin tun daga zamanin Ɗantunku har zuwa gwamnatin da ke zaune a Dutse yau, babu wata hukuma da ta mulki wannan ƙasa face ta zo da nata tadbirin na yadda talaka zai ƙara yawan abin da hannunsa ke fitarwa don dukiyar ƙasa ta yalwata, kuma mafi yawansu sun ɗauka illar tana ga himmar talakan, alhali kuwa tana ga watannin nan da babu ruwa, da kuma kuɗin da ake yanka wa guminsa bayan ya gama zubar da shi.

Asalin masarautar sananne ne. Ɗantunku ya karɓi tuta a zamanin jihadi, ya riƙe arewacin ƙasar Kano, sa'an nan da Ibrahim Dabo ya hau gadon Kano a 1819 sai saɓani ya shiga tsakaninsu, aka yi shekaru ana gwabzawa, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta, da ƙasar da aka yanko daga Kano da Katsina da Daura. Shi wannan Muhammadu Bello yana da ra'ayi bayyananne a kan mas'alar da muke magana. A cikin littafinsa Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya raya masu sana'a cikin wajiban shugaba, tun daga manoma da maƙera har marina da maɗinka da mahauta, ya kuma ɗora masa nauyin zaunar da su cikin garuruwa gwargwadon bukata, da gina ganuwa, da gyara kasuwanni da hanyoyi. Abin lura a nan, nauyin a wuyan sarki aka rataya shi. Ba a ce ya tara talakawa ya yi musu wa'azin barin kasala ba; cewa aka yi ya share musu fagen da kasabinsu zai yi albarka. Amma kada son zuciya ya sa mu ƙawata zamanin fiye da yadda yake, don kuwa kashi mai yawa na noman manya bayi ne ke yin sa a rinji, kuma manomin kan iyaka irin na Babura da Gwiwa yakan yi shuka bai sani ba ko shi zai girbe ko mahara daga Damagaram da Maraɗi.

Wanda yake son ya san ko Bahaushen wannan ƙasa malalaci ne, sai ya dubi yadda gandu yake tafiya. Da an yi sallar asuba maigida zai saɓa fartanya, ƙannensa da 'ya'yansa suna biye, su kama kunya tun raɓa ba ta bushe ba, babu mai ɗaga kai sai hantsi ya dubi ludayi an kawo kunu ko fura a ƙwarya, a zauna gindin gawo a sha, a koma. Da azahar aikin gandu ya ƙare, amma ba hutu aka tafi ba, kowane saurayi gayaunarsa zai nufa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai, kuma duk wanda ya taɓa lura ya san cewa fartanyar da ta yi nauyi a gandu da rana tsaka takan yi sauƙi a gayauna da la'asar. Daga sassabe sai shuka, ko binne tun ruwa bai sauka ba, sai noman firi, sai maimai, sai huɗa, kowanne da 'yan kwanakinsa waɗanda in suka wuce sun wuce. Wanda aiki ya fi ƙarfinsa ya kira gayya, a zo da makaɗa, samari su yi ta rige-rigen fid da kunya 'yan mata suna guɗa. A cikin waɗannan makonni babu wani hannu da ke zaune a ƙauye, bal ma hannuwan ne ba sa isa, kuma iyakar gonar mutum ita ce iyakar abin da iyalinsa za su iya nomewa kafin ciyawa ta ci gero.

Rani ma a wancan zamani ba zaman banza ba ne. Da an kai amfani rumbu sai kowa ya koma ga sana'ar gidansu: masaƙi ya kafa masaƙarsa a inuwa, mata suna kaɗi suna ba shi zare, marini yana bakin karofi, majemi da baduku da maƙeri kowa na kan nasa, masu jakuna kuma su yi lodi su bi fatake, a kai hatsi da tufafi arewa a komo da kanwa da gishiri. Almajirai su tafi gabas neman karatu, su rage wa rumbun gida baki. Haka shekara take cika, damina ta ciyar, rani ya tufatar ya biya kuɗin ƙasa. Wannan rabin na biyu shi ne wanda zamani ya zo ya rushe sannu a hankali, yayin da akoko da atamfar kanti suka kashe kasuwar saƙi, kwanon sha ya ture ƙwarya, mota ta karɓe kayan jaki, ba a kuwa kawo wani abu da ya maye gurbinsu ba.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Kazaure kuwa, a zamanin Sarki Muhammadu Mayaƙi, ta bi ba tare da an yi yaƙi ba, aka sa ta cikin Lardin Kano. Gwamna Lugga yana da aƙida a kan haraji wadda bai ɓoye ba, cewa bayan cika baitulmali yana kuma tilasta wa mutum ya tashi ya nema. Saboda haka aka haɗe kuɗaɗen da ake biya a da aka mai da su haraji guda, aka bar jangali a kan shanu, sa'an nan a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi da tufafi, aka ce sai sule da sisi. A ƙasar Kano har malaman taki aka fitar, suna bin gonaki suna aunawa da ƙafa, ana yanka wa mutum gwargwadon faɗin abin da ya noma, wanda ke nufin duk wanda ya ƙara himma ya faɗaɗa gona ya ƙara wa kansa haraji. Lokacin karɓa kuma da kaka ne, sa'ad da hatsi ya fi araha, sai talaka ya sayar da dami uku don ya biya abin da dami ɗaya zai biya da bazara, in damina ta yi tsakiya kuma ya je ya ci falle wajen wanda ya saya, dami ɗaya a kan biyu.

Abin da Turawa suka so a noma shi ne auduga, domin masaƙun Lankasha. Tun 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a Ingila, kuma da fatan audugar Kano aka jawo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta iso birnin a 1911 aka buɗe ta ga kaya a 1912. Aka raba iri, aka umarci hakimai da dagatai su kwaɗaitar da jama'a. Sai ga abin da babu wanda ya tsara shi a ofis ya faru. Manomi ya yi nasa hisabin a zuci, ya ga auduga tana cin aiki mai yawa a daidai lokacin da gero ke bukatarsa, tana son ƙasa mai nauyi, kuma masaƙan gida suna biya fiye da Bature. Gyaɗa kuwa tana son jigawa irin ta Babura da arewacin Kazaure, ana shuka ta tsakanin gero, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta ƙi kuma a ci abin a gida, alhali babu mai dafa auduga ya ba 'ya'yansa. Da fataken goro na Kano suka baza yaransu ƙauyuka da kuɗi da gishiri da tufafi suna neman gyaɗa, sai gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta tashi daga wajen tan 2,500 a 1912 zuwa fiye da tan 19,000 a 1913, har tashar Kano ta rasa inda za ta sa buhuna. Mutanen da ake rubuta rahoto a kansu cewa ba sa motsi sai da bulala, su ne cikin damina ɗaya suka juya gonakinsu saboda sun ga farashin da ya gamshe su. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da tarihin ƙasar nan ya bayar a kan mas'alar, kuma abin mamaki shi ne yadda kowace hukuma ta bayan nan ta karanta ta ta manta.

Daminar 1913 ba ta yi kyau ba, sai yunwar da ake kira Kakalaba ta afka wa arewacin Lardin Kano da ƙasar Damagaram a 1914, mutane suka mutu da yawa, waɗansu suka bar garuruwansu suka yi kudu. Ba a fasa karɓar haraji ba.

Inda kuwa farashi bai ja mutum ba, sai a koma ga tilas. Hanyoyin mota na farko, da barikokin saukar Turawa, da ɗaukar kayan Joji in ya fito rangadi, duk da aikin tilas aka yi su, dagaci ya fitar da mutum kaza daga kowace unguwa, wanda ke da abin hannu ya fanshi kansa, marar gata ya tafi. Mafi munin wannan babi shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka kafa dokar ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da talakawa suka raɗa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 kimanin mutum dubu ɗari aka kai, ba isasshen abinci, ba bargon da zai tare sanyin Filato, waɗansu suka mutu, masu yawa suka gudu, ƙarin kuzar da aka samu kuma bai kai kusa da abin da aka yi buri ba. Ƙasashen gyaɗa irin Lardin Kano abin da aka fi matsa musu shi ne su ƙara noman gyaɗa, su kuma ba da hatsi a kan farashin hukuma don ciyar da soja da 'yan kuza, a daidai shekarun yunwar 'Yar Gusau. Mutumin da aka kamo ya yi aiki yakan ba da jikinsa ne kawai, dabararsa kuwa ya ajiye ta don neman hanyar gudu.

Adalci ne a ambaci abu guda na zamanin Turawa da ya dace da ainihin ciwon, wato garmar shanu. Ma'aikatar Gona ta fara gwada ta a 1928 da manoma uku kacal a duk Arewa, aka riƙa ba da rancen bijimai biyu da garma daga baitulmalin En'e, mutum ya biya a hankali. Da farko sarakuna da hakimai da masu hali ne suka amfana, an kuma yi ta ƙwace shanun waɗanda suka kasa biya, amma da yake abin yana warware ƙullin nan na ƙarancin hannu a makonnin huɗa, yana kuma ba da taki, sai ya yaɗu da kansa bayan masu kawo shi sun tafi. Yau a Roni ko Gwiwa, mai bijimai biyu yakan huɗe tasa gonar ya huɗe ta maƙwabta a biya shi, da rani ya ɗaura musu amalanke ya yi jigilar taki da ruwa da yashi, in sun yi ƙiba ya sayar ya sayi ƙanana ya riƙe riba. Babu wanda ya ƙara yi wa wani lacca a kan garma tun da aka ga amfaninta.

Sa'an nan sai zamanin hukumar ciniki. A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aka mai da ita ta Jihar Arewa, ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ita ke yanka farashi kafin kaka. Hujjar da aka bayar ita ce a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya, a tara rarar shekarar daɗi don a tallafe shi a shekarar wuya. Ga yadda abin yake a bakin sikeli: mutum ya kwana biyu matansa suna ɓarar gyaɗa a turmi, ya ɗora wa jaki ya yi sammako, ya tarar da ɗan baranda zaune da mudunsa wanda aka bubbuge gindinsa ya zurma, ko akawu a bayan sikelin da shi kaɗai ya iya karanta shi, a ce gyaɗar da ƙasa a ciki, a zabge, a ce da danshi, a zabge, a cire bashin da ya ci da damina, abin da ya saura ya ƙulle a bakin zani ya wuce da shi wajen mai unguwa ya karɓi takardar haraji. Masana da suka bi lissafin shekarun 1947 zuwa 1961 sun nuna cewa wajen rubu'in abin da ya kamata ya shiga hannun manomin gyaɗa hukuma ce ta riƙe. Ba a ce duk an ci ba, don da irin kuɗin nan aka yi hanyoyi da makarantu da masana'antu a Kaduna da Kano, sai dai kaɗan ne ya komo inda gyaɗar ta fito. Mutanen kan iyaka kuwa sun samo nasu maganin: shekarar da farashin Faransa ya fi, gyaɗa ta bi dare a kan jakuna da raƙuma ta nufi Magarya, shekarar da na Ingila ya fi, ta Magarya ta gangaro.

Malamanmu da suka karanta Muƙaddima ta Ibn Khaldun ba za su yi mamakin wannan ba, domin tun ƙarni na goma sha huɗu ya bayyana cewa idan mai mulki ya tsananta karɓa, ko ya shiga kasuwa yana saye da ƙarfin sarauta, sai burin masu nema ya yanke, su janye hannu, har shi kansa abin da yake tarawa ya ragu. Dalar gyaɗar Kano, wadda ake buga hotonta ana alfahari, tana da fuska biyu: shaida ce ta ƙwazon manomi, kuma shaida ce ta gazawar jirgin ƙasa wajen kwashe abin da aka riga aka noma.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya zama na farko da ya dubi wata takwas ɗin nan ido da ido. Ra'ayinsa shi ne a tare ruwan da ke gudu da damina a yi noma da shi da rani, kuma daga wannan ra'ayi aka sami madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da waɗansu da dama da aka yi a zamaninsa da bayansa, cikinsu har da ta Tomas kusa da Dambatta, da ta Gari, da ta Muhammadu Ayuba da ke cikin garin Kazaure. Farin 1973, wanda ya kashe shanu ya ƙone gero a duk arewacin jihar, ya gaskata shi. Amma tare ruwa daban, kai shi gona daban. Madatsa aiki ne da ake gani, a yanka kyalle a ɗauki hoto, hanyoyin ruwa kuwa aiki ne na haƙuri da kulawa kullum, shi ya sa aikin ban-ruwa na Gari ya yi shekaru a yashe, ruwa na kwance manoma na kallo, kafin a koma kansa a zamanin da Injiniya Sulaiman Adamu, ɗan Kazaure, yake ministan albarkatun ruwa tsakanin 2015 da 2023.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma gyaɗa ta faɗi. Bayan fari sai cutar da ta murƙushe ta a 1975, ga kuɗin man fetur ya sa hukuma ta daina damuwa da ita. Hukumar Udoji, wadda aka naɗa don ta gyara aikin gwamnati ma'aikata su riƙa aiki da sakamako, abin da aka ɗauka cikin shawarwarinta na 1974 shi ne ƙarin albashi da ariyas, aka bar sauran a takarda. Ma'aikata suka sayi babura da rediyo, kaya suka yi tsada, ɗan ƙodago ya ga abin da zai samu a wajen gini a Kano cikin mako ya fi na wata a gona. Sai Janar Obasanjo ya fito da shirin ciyar da ƙasa a 1976, har aka tura ɗaliban jami'a ƙauyuka da hutu su koya wa manoma noma, waɗansunsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Shugaba Shagari ya kawo nasa a 1980, aka sake suna aka sake tambari. Cin rani, wanda a da tafiyar 'yan watanni ce zuwa Kano ko Zariya, ya zama tafiya Legas da Ibadan da Fatakwal, ga garuwa, ga gadi, ga yankan farce, daga baya ga acaɓa, waɗansu ma ruwa ya sauka ba su komo ba.

Abu biyu na wancan lokaci sun taɓa talaka a jikinsa. Na farko, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali da hawansa a 1979, aka sauke kayan da aka ɗora tun zamanin Lugga. Na biyu ƙarami ne a ido. Hukumar raya noma da karkara ta Jihar Kano, KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, ta yaɗa ɗan injin ban-ruwa mai shan fetur da ƴar rijiyar da ake hudawa a fadama cikin yini guda. Wanda ya san jigo ya san bambancin: mutum ya tsaya tun asuba yana sunkuya yana ɗagawa, guga bayan guga, yaro yana can yana buɗe fangali yana toshewa da fartanya, rana ta faɗi ba a shayar da abin da ya wuce ɗan lambu ba. Da inji kuwa, a ja igiya, tiyo ya kumbura, kafin hantsi an gama abin da jigo zai yi kwana uku a kai, injin kuma a ɗaure shi bayan keke a kai gida. Tumatir da albasa da tattasai da alkama suka yawaita a duk inda ruwa ke kusa, ba don an yi shela ba, sai don injin na mutum ne, gonar tasa ce, kuɗin kuma aljihunsa za su shiga. Ita ce gayaunar nan ta la'asar ta dawo da sabuwar kama.

An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, kuma wannan kusurwa tata ta ba da gwamnoni biyu. Ibrahim Saminu Turaki, ɗan Kazaure, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya sa ransa a kan ilmin kwamfuta, ya kafa makarantarsa a Kazaure tun mutane da yawa ba su taɓa ganin na'urar ba, ga kuma kwalejin fasaha mai sunan marigayi Sarki Husaini Adamu, wadda gwamnatin tarayya ta karɓa daga baya. An yi masa dariya a lokacin, kuma ba za a ce masu dariyar ba su da hujja ko kaɗan ba, tun da yaran da aka horar galibinsu sai sun bar Kazaure suke samun inda za su yi aiki da abin da suka koya. Amma sana'a ce ta rani da damina, wadda ba ta jiran hadari, kuma gidaje da yawa suna cin albarkacinta ta hanyar aike. Muhammadu Badaru Abubakar, ɗan Babura, daga 2015 zuwa 2023, ya komo ga gona, ya haɗa manoma rukuni-rukuni ana ba su iri da taki bashi su biya da kaka, aka kuma raba wa mata awaki. Irin wannan shiri rayuwarsa da mutuwarsa suna ga lokaci. Ni kaina wata shekara, a ƙarƙashin wani shirin da ba sai na ambaci sunansa ba, na rubuta sunana neman taki tun watan Afrilu, na yi ta sintiri har takalmina ya san hanya, buhu biyu suka iso ƙarshen Agusta gero ya riga ya fid da kai. Baffana ya zagaya buhunan ya dube su, ya ce, “Ɗana, kada ka ɓata rai, ai wannan ba latti ya yi ba, sammakon baɗi ya yi.”

A halin nan kuwa riɗi da zoɓo suna maimaita labarin gyaɗar 1912 a jigawan Babura da maƙwabtanta. Zoɓon da a da ake shukawa a kan iyakar gona don miya da sha, da aka sami masu saye suna kai shi har Meziko, sai ya shigo tsakiyar gona, mata da yara suka sami aikin ɓara da kaka. Su matan nan, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da kiwon tumaki a cikin gida, ba su cika shiga lissafin masu ƙidayar ma'aikata ba, alhali da jarinsu ake sayen takin gidaje da yawa in na hukuma ya yi sammakon baɗi.

Jirgin ƙasan 1912 a Kano ya tsaya, reshen da aka ja zuwa Nguru a 1930 kuma ta Ringim ya bi, ya bar Kazaure da jaki da mota. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wadda za ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tarago abin da aka zuba masa yake ɗauka, ko buhunan albasa da alkamar rani, ko samarin da suka rasa abin yi. Ina roƙon masu tsara manufa a Dutse da Abuja, kafin su sake rubuta wata takarda a kan ƙwazon ma'aikata, ɗayansu ya zo tashar motar Kazaure da asuba a watan Nuwamba, bayan an gama roron gyaɗa, ya tsaya ya ƙirga samarin da ke hawa motar kudu da ƴar jaka a kafaɗa, sa'an nan ya tambayi kowannensu nisan gonarsu da ruwa.